Wai meye labarin garin nan mai suna Ha! Ha! a Kebek?

Direban_Tirela:

Salamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah tambaya gare ni ga masu jin Faransanci da waɗanda suka kwana biyu a lardin Kebek na Kanada. Ni tirela nake ja, kusan duk sati biyu sai na kwashi kaya daga Montreal zuwa New Brunswick, to in ka wuce Rivière-du-Loup ka hau hanya mai lamba 85 ka nufi Edmundston, kafin ka ci awa ɗaya akwai wani allo da kullum sai ya sa ni dariya ni kaɗai a mota, Saint-Louis-du-Ha! Ha! wlh haka aka rubuta, da alamar motsin rai har guda biyu. Ganina na farko na ɗauka yara ne suka yi wa allon ɓarna.

Satin da ya wuce dai na ce yau sai na ga ƙwaƙwaf, na ratse na shiga. Gari ne ɗan mitsitsi amma cocinsu ƙato kamar na babban birni, gidaje tsilla-tsilla, kuma yawancin waɗanda na gani a waje tsofaffi ne. Da na duba a waya sai na ga ana kiran wurin municipalité de paroisse, wayar kuma ta fassara min paroisse da yankin coci. Shi ne abin ya ɗaure min kai. Wato fada, limamin coci, ne ke mulkin garin ko yaya? Mutum nawa ne a ciki, kuma in ƴan kaɗan ne wa aka gina wa wancan cocin? Sannan shi Ha! Ha! ɗin wa aka yi wa dariyar? Ba banza nake tambaya ba, hayar Montreal ta ishe ni, na fara tunanin ko in nemi gida a irin waɗannan wuraren tunda a kan hanyata suke.

Ɗalibi_Rimouski:

Wa alaikumus salam Yaya direba. Hhh kowa da ya bi hanyar nan sai ya tsaya ya ɗauki hoton allon. Bari in fara da mai sauƙin. Ba dariya ba ce. A tsohon Faransanci haha na nufin abin da ya tare maka hanya ba zato, kana cikin tafiya kawai ka ga hanya ta mutu. Bayanin da hukumar sunayen wurare ta Kebek ke bayarwa shi ne tafkin Témiscouata ne sanadi, da can matafiya da kwalekwale suke zuwa, in sun iso wannan ɓangaren ruwa ya ƙare sai a sauka a ɗauki kwalekwalen a ka a yi doguwar tafiya a ƙasa kafin a kai kogin Saint-Laurent. Ƴan asalin wurin, Wolastoqiyik waɗanda Faransawa ke ce wa Malécites, sun daɗe suna bin wannan hanyar tun kafin Bature ya zo. A 2017 ma garin ya shiga kundin Guinness saboda alamun nan biyu, akwai wani a Ingila mai suna Westward Ho! amma shi ɗaya gare shi, sun fi shi da ɗaya.

Maganar fada kuma kwantar da hankalinka, ba shi da ko kujera a majalisar garin. Magajin gari ne da kansiloli, yawanci shida, ana zaɓensu duk shekara huɗu a watan Nuwamba, rana ɗaya da ta Montreal da ko'ina a lardin. Aikinsu share ƙanƙara a hanya, shara, ruwan famfo in akwai, ƴan kwana-kwana na sa-kai, da karɓar harajin gida. Ƴan sanda ma ba nasu ba ne, na lardi ne Sûreté du Québec, garin ke biyan kasonsa duk shekara. A samansu akwai abin da ake kira MRC, wato taron ƙananan garuruwan yanki ɗaya, nasu shi ne na Témiscouata.

To me ya kawo sunan coci? Lokacin da gwamnati ta zo kafa ƙananan hukumomi ba ta tarar da wata iyaka da manomi ya sani ba sai ta cocinsa. Ka tambaye shi daga ina kake, sunan waliyyin cocinsu zai faɗa maka. An gwada a 1845, aka rushe a 1847, sai a 1855 aka yi dokar da ta zauna, aka ɗauki iyakar coci aka ce ita ce iyakar hukuma. Shi ya sa taswirar Kebek ta cika da Saint kaza Sainte kaza har kai ya yi ciwo. Shi wannan naka an fara ɗan wurin ibada a wurin wajen 1860, sunan kuma ya tabbata a 1874. Mutanensa yanzu wajen 1,300 ne, ƙidayar 2011 da 2016 da 2021 duk a nan kusa suke yawo. Har yau akwai irinsu sama da ɗari a lardin masu ɗauke da kalmar paroisse, amma raguwa suke, wasu na cire kalmar su koma municipalité kawai, wasu kuma a haɗe su da maƙwabta kamar yadda Cabano da Notre-Dame-du-Lac suka haɗe a 2010 suka zama Témiscouata-sur-le-Lac, nan gaba kaɗan da inda ka tsaya.

Af, in ka sake ratsewa da daddare akwai wurin kallon taurari a garin, Aster sunansa.

Malam_Dattijo:

Ɗalibi ya yi ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Amma ya tsallake tambayar da ta fi daɗi, wa aka gina wa cocin. Ƙanina direba, amsar ita ce an gina shi ne wa mutanen da yanzu jikokinsu ke Amurka da Montreal.

Sai ka koma baya kaɗan. Ingila ta ci Kebek da yaƙi a 1759, aka sa hannu a Paris a 1763, manyan jami'an Faransa suka tattara suka koma gida, aka bar manoma da fada. A 1774 Ingila ta yarda su riƙe addininsu na Katolika da dokokinsu na gado da filaye, har da zakkar hatsi da ake ba fada, kashi ɗaya cikin 26. Daga nan fa komai ya koma hannun coci. Haihuwa, aure, mutuwa, fada ke rubutawa a littafi, kwafi biyu, ɗaya a coci ɗaya a kotu, kuma kar ka ɗauka tsohon zance ne, sai a 1994 gwamnatin lardi ta karɓi wannan aikin gaba ɗaya. Makaranta tasu, asibiti na sistoci, sanarwar gari ma a ƙofar coci ake yi ranar Lahadi bayan an fito. To mutumin da rayuwarsa duka ke nan, in an ce a gina coci ai ba ƙarami zai gina ba, balle ga gasa, ƙauyen gaba sun yi hasumiya mai tsawo mu ma sai mun fi su.

Sai haihuwa. Ba a magana. Gida mai ƴaƴa goma sha biyu ba abin kallo ba ne, har a 1890 gwamnatin Honoré Mercier ta yi doka cewa duk mai ƴaƴa 12 rayayyu a ba shi eka 100 kyauta, kuma dubban gidaje sun nema. Sun ma sa wa abin suna, wai ramuwar gayya ta gadon jarirai, an ci mu da bindiga za mu rama da yawa. Matsalar ita ce gona ba ta haihuwa. In ka lura daga saman tirelarka gonakinsu dogaye ne sirara kamar an yanka da wuƙa, tsarin tun zamanin Faransa ne, kowa ya samu bakin kogi ko bakin hanya, layi bayan layi, rang suke ce masa. Ɗa ɗaya ne zai gaji gonar, sauran goma sha ɗaya fa?

Hanya biyu ce. Ko ka hau jirgin ƙasa ka tafi masaƙun Amurka, Lowell, Fall River, Manchester, Lewiston, Woonsocket, inda kai da matarka da ƴaƴanka duk za a ɗauke ku aiki, tsakanin 1840 da 1930 an ƙiyasta wajen mutum 900,000 ne suka bi wannan hanyar. Ko kuma ka bi fada cikin daji a sare itace a kafa sabuwar paroisse, don su malaman cocin ba sa son mutanensu su tafi ƙasar Furotesta su manta Faransanci. Garuruwan cikin tudu irin wanda ka gani ta haka akasarinsu suka samu mutane, daga tsofaffin garuruwan bakin kogi aka hauro. Layin dogo na Témiscouata ya zo ƙarshen shekarun 1880 ya ƙara buɗe wurin, injinan katako suka biyo. Ƙasar ba ta da albarka sosai, duwatsu ne da gajeren lokacin noma, don haka namiji manomi ne rabin shekara, in sanyi ya shigo ya shiga daji sarar itace wa kamfani sai ƙanƙara ta narke a gan shi. Layin dogon nan yanzu ma an cire ƙarfen, hanyar keke ce, Petit Témis.

Abin da ni ya fi ba ni mamaki shi ne saurin da abin ya juye. Jean Lesage ya hau mulkin lardin a 1960, aka kafa ma'aikatar ilimi a 1964, gwamnati ta karɓe makarantu da asibitoci. A ƙarshen shekarun 1950 mace ɗaya tana haifar kusan huɗu a matsakaici, kafin ƙarshen shekarun 1980 abin ya faɗi ƙasa da ɗaya da rabi, har gwamnati ta koma biyan kuɗi, a wani lokaci dala 8,000 kan ɗa na uku. Uwa ta haifi sha huɗu, ƴarta ta haifi biyu, jikarta ko auren ma ba ta ɗaura ba. A ganina ranar da suka juya wa coci baya ranar ƙauyukan nan suka fara mutuwa.

Maman_Ilham:

Malam Allah ya ƙara girma, na karanta duka kuma na ƙaru, amma jimlarka ta ƙarshe kam ban yarda da ita ba, a yi min afuwa. Ni aikin kula da tsofaffi nake yi a wani ƙauye a yankin nan na Bas-Saint-Laurent, ba wanda ake magana ba amma kamar an tsaga kara, kuma tsofaffin matan nan in suka fara ba ki labari ba coci suke kewa ba. Akwai wadda ta ce min su goma sha biyar ne a gidansu, ita ce babba mace, aka cire ta daga makaranta tana ƙarama don ta yi raino, kuma wai fada yakan zo gida ya tambayi uwarsu me ya sa bana ba ciki. Tana faɗa tana dariya amma dariyar ba ta kai ciki ba. In na tambaye su ina ƴaƴanku, ba wadda ta taɓa ce min ya tafi don ya daina zuwa coci, cewa suke ya tafi karatu Rimouski bai dawo ba, ya samu aiki a birnin Kebek, injin katako ya rufe. Tarakta ɗaya da injin tatsa suna yin aikin da ƴaƴa goma ke yi da, to a zauna a yi me? Gonaki biyar sun koma hannun mutum ɗaya, shi ma ma'aikatansa ƴan Guatemala ne da Meziko.

Malam direba kai kuma tunda gida kake tunani bari in faɗa maka abin da lambar ƙidaya ba za ta faɗa maka ba. Mutum dubu ɗaya da ɗari uku a irin nan ba ƙaramin gari ba ne fa, akwai masu ɗari uku, akwai waɗanda ba su kai ba. Abin dubawa shi ne shekarun mutanen. A inda nake makarantar firamare aji biyu ake haɗawa a ɗaki ɗaya, duk shekara iyaye na cikin fargabar ko za a rufe, shi ya sa ranar da muka zo da yara uku har gida aka zo yi mana sannu da zuwa, wlh kamar mun kawo musu zinariya. Bankinsu na haɗin gwiwa Desjardins, wanda da kusan kowace paroisse tana da reshenta, yanzu sai ka tuƙa zuwa gari na gaba. Fada ɗaya ke zagaya coci biyar ko shida, kuma sau da yawa ɗan Afirka ne ma. Cocin da ya gagara ɗumamawa a lokacin sanyi sai a sayar wa hukumar gari, wani lokaci a kan dala ɗaya tak, a mai da shi ɗakin taro ko laburare. Kujerar kansila kuwa roƙon mutane ake su tsaya, da yawa ba hamayya suke hawa.

Kuma Faransanci dole ne, ba wasa. A Montreal za ka lallaɓa da Turanci, a nan ko mai kanti ba lallai ya gane ka ba, nasu Faransancin ma sai da na yi wata shida kafin kunnena ya saba. Abin dariya zaginsu duk kayan coci ne, in ransu ya ɓaci sunan akwatin ibada da kofin fada suke kira.

Gaskiya_Ɗaci:

Kowa na ta zuba tarihi ba wanda ya faɗa wa bawan Allah abin da ya kamata ya ji. Hérouxville fa? Ita ma paroisse ce, a yankin Mauricie, mutanenta ma kusan adadin wannan. A Janairun 2007 majalisarsu ta fitar da takardar ƙa'idoji wa baƙi, wai a garinmu ba a jefe mace ba a ƙona ta da rai, ba a rufe fuska, alhali garin kusan ba baƙon ma balle wanda zai yi jifa. Duniya ta ɗauka, har sai da gwamnati ta kafa kwamitin Bouchard da Taylor don ya duba batun zama da baƙi masu wata al'ada ko addini. Sannan a 2017 a Saint-Apollinaire an yi ƙuri'a kan maƙabartar musulmi aka kayar 19 da 16, wata shida kacal bayan an kashe mutum shida a masallacin birnin Kebek. Ni dai ba zan kai iyalina inda mu kaɗai ne ba, ba masallaci ba naman halal, don kawai gida na da araha. Araha ba ta ado.

Ɗalibi_Rimouski:

Yaya Gaskiya duk abin da ka kawo ya faru, ba mai musu. Sai dai ka manta ka ce bayan takardar Hérouxville ɗin wasu mata musulmi sun taso daga Montreal sun je garin an zauna an yi magana ido da ido, kuma ba duka ƴan garin ne suka goyi bayan takardar ba. Garuruwa sama da dubu ne a lardin, kowanne da halinsa, ga Maman Ilham ma tana ciki tana faɗa. Maganar masallaci da nama kuwa gaskiyarka ce, wannan sai mutum ya yi lissafi da kansa.

Ni abin da nake so in ƙara kan gardamar Malam da Maman Ilham ne, don akwai na ukun da ba a ambata ba, gwamnati da kanta. A 1963 aka kafa wani ofishin tsare-tsare na gabashin Kebek, BAEQ, masana suka zagaya suka ce ƙauyukan cikin tudun nan asara ne, hanya da makaranta da lantarki sun fi ƙarfin ƴan mutanen da ke ciki, gara a kwashe su a kai gari. Kuma an yi. Wajen 1970 an rufe kusan goma, irin su Saint-Nil da Saint-Paulin-Dalibaire da Saint-Octave-de-l'Avenir, aka biya mutane suka tashi, gidaje wasu aka ɗauke wasu aka ƙona. Abin takaicin, da yawansu a shekarun 1930 gwamnati ce ta turo iyayensu can lokacin karayar tattalin arziki, mutum ya sare daji da gatari, bayan shekara talatin da wani abu a ce masa kuskure ne ka tashi. Sunan na ƙarshen ma l'Avenir yana nufin gobe, ka ji fa.

Da aka ga za a ci gaba sai mutane suka yi bore. A Satumban 1970 dubbai suka taru a cocin Sainte-Paule ƙarƙashin wani fada Charles Banville, aka sa wa abin suna Opération Dignité, wato neman mutunci, aka sake yi a Esprit-Saint a 1971 da Les Méchins a 1972, dole gwamnati ta ja baya. A Témiscouata ɗin ma, ƙetaren tafkin, ƙauyuka uku Saint-Juste da Auclair da Lejeune suka haɗa kai suka yi ƙungiyar da ake kira JAL, suka kama aikin daji da noman dankali da tatsar ruwan zaƙin itacen érable da kansu, kuma har yau suna nan. To ka ga Malam a nan fada ne ya tsaya gaba wajen ceto, Maman Ilham kuma ga shaida cewa rigimar ta aiki ce da gona. Ni da na karanta wannan na daina yi wa ƙananan lambobin nan kallon raini.

In kana son ganin abin mamaki kuma, a tsakiyar birnin Kebek akwai paroisse mai suna Notre-Dame-des-Anges, gaba ɗayanta harabar wani tsohon asibiti ce da gidan sistoci, mazaunanta akasari tsofaffin da ke kwance ne, amma a doka hukuma ce mai zaman kanta.

Malam_Dattijo:

Na karɓi gyara Maman Ilham, wanda ke cikin ruwa shi ya san sanyinsa. Amma dai ban janye duka ba, injin ne ya kori matasa, wannan haka ne, sai dai ba injin ne ya hana waɗanda suka rage haihuwa ba. Mu bar shi a rabi da rabi.

Direban_Tirela:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, tambaya ɗaya na yi na samu lacca kyauta hhh. Ashe shekara biyu ina dariya ni kaɗai alhali ba dariya aka rubuta ba. Yaya Gaskiya na ji maganarka kuma uwargida ma abin da za ta fara tambaya kenan, don haka ba gaggawa, Faransancina ma bai wuce bonjour da merci ba tukuna. Maman Ilham dan Allah in ba damuwa, da sanyi motar share ƙanƙara tana shiga layukan rang ɗin nan da sassafe ko sai rana ta ɗaga? Don ni ƙarfe huɗu na asuba nake tayar da mota, kuma ban san ko hukumar gari tana barin a ajiye kan tirela a ƙofar gida ba.